Su sun sauya kayan kiɗa, mu mun sallami makaɗa

Bahaushen da ke zaune a Agadir, nan kudancin Maroko, akwai abin da ba ya daina ruɗa masa kunne. Ka shiga tasi, direba ya kunna waƙa, ka ji ana goga tsirkiya ɗaya da irin kukan nan mai shiga ƙashi, har ka gyara zama kana jiran muryar Ahmadu Doka, sai mawaƙi ya ɓarke da harshen da ko kalma ɗaya ba ka tsinta a ciki. Ba kukuma ba ce, ribab ce, gogen mutanen Sus, yankin da Agadir take ciki. Abin da ke ruɗa kunnen shi ne kiɗan nasu, kamar yawancin namu, a kan matakan sauti biyar yake hawa da sauka, ba bakwai irin na Larabawa da Turawa ba. Direban kuwa ba tsoho ba ne, waƙar ma sabuwa ce fil, da jita mai lantarki a bayanta. A Kano ko Maraɗi, yaushe rabon da ka ji kukuma a sabuwar waƙar da matasa ke yayi?

Mutanen da nake magana a kansu su ne waɗanda Larabawa da Turawa ke kira Barbar, su kuma suna kiran kansu Imazighan, ɗaya Amazigh. Kada a haɗa su da Barebarinmu na Barno, sunan ne kawai ya yi kama. Suna Sus da duwatsun Atlas da Rif a Maroko, suna Kabiliya da Auras a Aljeriya, har zuwa Buzayen Agadas da Tawa da Kidal waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su tun kaka da kakanni. Da yawansu ba sa son sunan Buzu, saboda a asali yana ɗauke da ma'anar bauta, don haka Abzinawa zan riƙa cewa. Zumuncin kiɗa tsakaninmu da su ba sai an tona ba, sunayen kayan ma sun isa shaida: bandirin da 'yan Ƙadiriyya ke bugawa a Kano shi ne bendir a nan, algaitar fadar sarki ita ce gaita, babban abin bugu kuma a Sus ana ce masa ganga, kamar yadda muke faɗa.

Ra'ayina shi ne zamani ya zo mana da su a lokaci kusan ɗaya, da tambaya iri ɗaya, muka ba da amsa daban. Su sun ɗauko jita da banjo suka miƙa wa makaɗi, suka ce ya buga abin da kakarsa ke bugawa. Mu muka ɗauko fiyano muka ce wa makaɗi ya tafi gida. Amma kafin a ce na zo yabon gonar wani, bari a ga abin nasu dalla-dalla, har da inda ya lalace.

Tushen komai a Sus da Babban Atlas shi ne ahwash. Ba sana'a ba ce, ba a biyan kowa. Mutanen ƙauye ne da kansu ke fitowa dandali, wanda suke kira asays, bayan girbi ko daren biki. Ana hura wuta a tsakiya, kuma wutar ba don haske ko ɗumi kaɗai ba ce, ita ce maɗaurin kiɗan. Bandirinsu, tallunt, zoben katako ne da faɗinsa bai cika kamu ɗaya ba, an shimfiɗa masa fatar akuya a fuska ɗaya, da ɗan rami a jikin katakon inda babban yatsa ke shiga. Ba shi da igiyar ɗaurewa irin ta kalangu. Da dare ya yi, raɓa ta sauka, fatar sai ta saki, sautin ya koma kamar ana dukan buhun dusa. Sai makaɗi ya kai shi kusa da garwashi, yana juya shi yana shafa fatar da tafin hannu don zafin ya game, yana ɗan ƙwanƙwasawa har ya ji ya hau inda yake so. In ya yi gaggawa ya kusanta shi da harshen wuta, tsakiyar fatar ta riga gefe bushewa, bugun farko mai ƙarfi ta tsage. Ba kuma a gasa su daidai wa daida: wasu a bar su da kauri su riƙe gindin kiɗa, wasu a ɗaga, ɗaya kuma na jagora a gasa shi ya fi kowanne tsini, don da shi yake yanka umarni ana ji daga ƙarshen sahu. Shi ya sa duk tsawon dare za ka ga makaɗa suna zarya tsakanin sahu da wuta.

Ba da kiɗa ake farawa ba. Mawaƙi, anaddam, yana tsayawa ya jefa baiti da murya zalla, wani ya mayar masa nan take, a kan rikicin ruwan ban-ruwa ko auren da aka fasa ko ɗan gari da ya tafi Faransa ya manta gida. In an sami baitin da ya zauna, sahun maza ya ɗauka, na mata ya amsa, sannan bandirai su shigo a hankali kamar masu jin nauyi. Daga nan gudun yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ba wanda zai nuna maka inda aka canja, sai dai ka farga kafaɗu da ƙafafu sun ninka sauri. Wannan hawan a hankali shi ne ran ahwash, kuma shi ne abu na farko da ke mutuwa in an kai shi otal ko dandamalin bikin baje kolin al'adu. A can ana ba ƙungiya 'yan mintoci. Sai a yanke musayar baiti tunda baƙi ba sa jin harshen, a fara daga inda ya kamata a ƙare, a kawo bandirin roba tunda ba a hura wuta a kan dandamali. Na roba ba ya saki, gaskiya ne, amma duk sautinsu ɗaya, babu babba babu ƙarami. Abin da ya rage fararen riguna ne da wuƙaƙen azurfa da hoto mai kyau. A Atlas ta Tsakiya, inda ake kiran irin wannan wasa ahidus, maza da mata kafaɗa da kafaɗa, ciwon ɗaya ne, ko da yake sun yi sa'ar jagora irin Moha u Lhusain Ashiban, wanda ya rasu a 2016, da ya iya riƙe martabar abin ko a kan dandamali.

Masu sana'ar kuwa su ne rwais, ɗaya rais, mace raisa. Waɗannan su ne takwarorin su Shata da Ɗanƙwairo: ubangida da yaransa, yawo gari-gari, yabon masu hannu da shuni, wa'azi, labarin duniya, liƙi a wurin biki. Ribab ɗin rais ta bambanta da gogenmu a ƙira. Namu rabin ƙwarya ne da fatar guza. Tasu zoben katako ne da aka rufe da fata, tsirkiyar izgar doki kuma ba ta bin wuyan, a karkace take tafiya, don haka yatsu ba sa danna ta a kan itace, taɓa ta kawai suke a iska. A kan fatar akwai 'yan zaruruwa da duwatsun ado da ke zuza in an goga. Izga tana son ƙaro: in ya yi kaɗan bakan ya zame ba sauti, in ya yi yawa ta yi ta ƙara kamar ƙofar da ba mai. Iskar teku ta Agadir kuma abokiyar gabarta ce, tana sa izgar ta miƙe, sai an yi ta ɗaurewa. Bayan ribab akwai lotar, ɗan uwan molo mai tsirkiya uku ko huɗu, sai naƙus, wanda galibi ƙarfen birkin mota ne ake bugawa da 'yan sanduna biyu na ƙarfe. Yaro kan fara da rawa da amshi da naƙus, ya hau lotar, sannan in yana da rabo ya riƙe ribab ya fara ƙirƙirar nasa baitocin.

Wasansu yana da tsari da ba a tsallakewa. Ana buɗewa da astara, ribab ita kaɗai ba bugu, tana zagaya matakan sautin da za a yi waƙar a kai. A nan ne masu lotar ke saurare suna gyara tsirkiyoyinsu, wato ribab ce ma'auni. Sai amarg, waƙar kanta, kalmar da ke nufin waƙa kuma take nufin bege. Sai rawa da buga ƙafa, a rufe da tabbait, inda gudu ke ƙaruwa har a yanke gaba ɗaya. Lhaj Bil'id, wanda ya rasu a 1945, ya ɗauki faya-fayai a Paris tun shekarun 1930, kuma har yau ana koyon ribab da waƙoƙinsa. Fatima Taba'amrant, raisa ce da ta kai ga majalisar dokokin Maroko, a 2012 ta miƙe ta yi wa minista tambaya da harshen Amazigh, shekara ɗaya bayan tsarin mulkin 2011 ya mai da shi harshen hukuma. A yi tunanin Barmani Coge a kujerar majalisa, za a gane girman abin.

To da zamani ya zo a shekarun 1970, me samarin Sus suka yi? Ƙungiyar Izanzaran ta ɗauki banjo. Zaɓin ba na kara-zube ba ne. Banjo fata ce a fuskarsa kamar lotar, sautinsa gajere ne mai tsini, yana mutuwa da wuri, don haka salon kaɗa lotar yana hawa kansa ba tare da an canja hannu ba, ga shi kuma ya fi ƙara a fili. Ƙungiyar Usman, wadda marigayi Ammuri Mbarak ya yi fice a cikinta, ta tafi wajen jita da haɗa muryoyi irin na Turai. Udadan, daga gefen Agadir, suka haɗa banjo da jita mai lantarki suka mamaye gidajen biki da waƙoƙin soyayya. Na baya-bayan nan, irin su Ribab Fusion, sun sa wa ribab ɗin kanta waya suka tsayar da ita gaban jerin ganguna na zamani. Wannan yana da nasa cikas: na'urar da ake manna mata tana ɗaukar kukan tsirkiya ta bar zuzar fatar, sai ta koma kamar gogen Turawa mai mura, naƙus kuma in aka sa masa makirfo kusa, ya danne kowa. Mai haɗa sauti da ya san aikinsa yakan ƙara wa ribab makirfo na biyu daga ɗan nesa, naƙus kuwa ya bar shi haka nan, ƙararsa ta ishe shi. A Atlas ta Tsakiya ma Muhammad Ruwisha na Khenifra, wanda ya rasu a 2012, bai bar lotar ba, da mai tsirkiya huɗu ya shiga kowane gida a Maroko, har gidajen da ba a jin harshensa.

Kabiliya ta bi wata hanya. Su kayan gargajiyarsu, ganga da algaita na makaɗan da suke kira idabbalan, sun tsaya a bikin aure da rakiyar amarya; waƙar zamani ba ta ɗauke su ba. Abin da suka riƙe gam shi ne magana. Waƙarsu ta zamani a gidajen shayin 'yan ci-rani na Paris ta girma. Sliman Azam, wanda ya rasu a Faransa a 1983, yana habaici ta bakin dabbobi, har aka hana sa waƙoƙinsa a rediyon Aljeriya. Idir, ɗalibin ilimin duwatsu da ma'adinai, ya ɗauko waƙoƙin reno da tatsuniyoyin da tsofaffin mata ke yi a bakin murhu ya ɗora su a kan jita marar lantarki da sarewa; faifansa na 1976 ya zagaya duniya, shi kuma ya rasu a 2020. Lunis Ait Mangallat yakan yi doguwar waƙa da jita da 'yar ganga kawai, jama'a su yi tsit kamar ana karatu. Matub Lunas ya riƙe mandol, wani babban abin kaɗawa na birnin Aljiyas da ake ƙara wa wuyansa ƙarafa don ya ba da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. An harbe shi a hanyar ƙauyensu kusa da Tizi Uzu, babban birnin Kabiliya, ranar 25 ga Yunin 1998, yankin ya kama da wuta. Nauyin da kalma ke da shi a can yana da dalili. Boren 1980 ya tashi ne saboda an hana marubuci Mulud Mammari gabatar da lacca a jami'ar Tizi Uzu a kan tsofaffin waƙoƙin Kabiliya, kuma sai a 2016 harshen ya zama na hukuma a Aljeriya. Mutumin da aka hana wa harshensa makaranta, kaset ne makarantarsa. Mu ba mu taɓa shiga wannan halin ba. Hausa tana rediyo tun zamanin Turawa, wataƙila shi ya sa ba ma kishin abin da ake zubawa a cikinta. Kada dai a ɗauka can aljanna ce: kiɗan bikinsu na yau, wanda ake jerawa ba tsayawa da fiyano da na'urar lanƙwasa murya, da nanayenmu uwa ɗaya uba ɗaya.

Inda kwatancin ya fi kama mu shi ne wajen Abzinawa, tunda maƙwabta ne, rana ɗaya ke dukanmu. Manyan kayan kiɗansu biyu duk na mata ne. Tende turmin daka ne. Ana jiƙa fatar akuya a shimfiɗa a bakinsa, a ɗaure da igiya, a haɗa da taɓare biyu a gefe da gefe. Mata biyu su zauna a kan taɓaren, ko a ɗora duwatsu, nauyin ya ja fatar. Akasin bandiri, tende ruwa take so ba wuta ba, ana kiɗa ana yayyafa mata. Kusa da ita ana kifa ƙwarya a kan ruwa ana bugawa, irin kiɗan ruwan matanmu. Mace ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa da tafi da guɗa, maza su zagaya da raƙuma a kan bugun. Akwai kuma tenden da ake yi wa wanda iskoki suka taɓa, wanda duk wanda ya san bori zai gane. In an gama a kwance fata, turmi ya koma aikinsa. Na biyun shi ne imzad, ko anzad a bakin Abzinawan Nijar: rabin ƙwarya, fata, izgar doki, goge sak. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da shi. A wurinmu goge na maza ne, an kuma jingina shi da bori da gidajen mata masu zaman kansu. A wurinsu mace mai daraja ce ke goga shi a zaune, maza su nutsu, kuma abin kunya ne a yi hayaniya tana kiɗa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar.

Farin 1973 da na 1984 ya kashe dabbobi ya kori samari zuwa Tamanrasat ta kudancin Aljeriya da Libiya. Aka kira su ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A can suka haɗu da jita, kuma a nan ne ƙungiyar Tinariwen ta samo asali wajen 1979, ƙarƙashin Ibrahim Ag Alhabib. A Nijar marigayi Abdallah Umbadugu ne ya buɗe hanyar. Abin da suka yi wa jitar shi ne abin koyo. Ba su bi tsarin Turawa na sauya rukunin sauti kowane layi ba. Waƙa guda takan zauna a gida ɗaya daga farko har ƙarshe. Da yawansu kan ɗaga tsirkiya mafi kauri sama da inda Bature ya ajiye ta, don ta dace da gindin waƙar, babban yatsa ya yi ta bugunta a sake ba a danna ba, tana gurnani a ƙasa kamar amon turmi. Sauran yatsun suna kaɗa waƙar a sirara, hannun hagu yana dukan tsirkiya yana fizge ta don ya fitar da 'yan lanƙwashe-lanƙwashen nan na imzad. Tafi da ƙwarya suna riƙe da bugu irin tafiyar raƙumi. Mai ba da waƙa da 'yan amshi suna nan yadda suke a tende. Sunan salon ma, assuf, kewa yake nufi, kamar amarg na Sus. Lokacin tawayen da ya fara a 1990 kaset ɗin nan hannu da hannu yake yawo a ɓoye. Daga baya ya koma katin waya. A 2012 Tinariwen ta ci kyautar Grammy, shekarar da masu bindiga suka haramta kiɗa a arewacin Mali. Agadas kuma ta ƙara wa abin gudu da ƙara saboda gidajen biki: janareta, amsa-kuwwa, jerin ganguna, ƙura tana shiga maɓallan jita tana sa su ƙarar tsiya, wuta tana hawa tana sauka tana ƙona na'ura. Daga wannan makarantar mai jita Bombino ya fito.

Me ya sa jita ta karɓu haka? Domin ba ta da dangi. Molon Abzinawa mai tsirkiya uku, tahardant, na maƙera da maroƙa ne. Ɗan manyan gida ba zai taɓa shi ba. Imzad da tende na mata ne. Jita baƙuwa ce, ba wanda zai ce maka ɗan wane ne kai da za ka riƙe ta. Wannan dalilin ne kuma ya shigo da fiyano ƙasar Hausa. Ɗan malam ko ɗan boko da ba zai rataya kalangu ba, saboda kada a ce masa maroƙi, ya ga zai iya shiga situdiyo ya fito da sunan fasihi. Sai dai mu lokacin namu ya zo daidai da tashin finafinan bidiyo a Kano a shekarun 1990, inda ake bukatar waƙa da yawa, da sauri, da araha. Fiyanon Yamaha guda da mutum guda sun maye gurbin mai kalangu da mai kuntuku da 'yan amshi shida. Jita kuwa, komai baƙuncinta, sai an shekara ana koyo da yatsu, sai an nemi mai ƙwarya da masu tafi, wato dole a sake kafa ƙungiya. Su sun tsallaka daga ƙungiya zuwa ƙungiya, mu daga ƙungiya zuwa ɗaki mai kwamfuta.

Akwai labarin da ya kamata ya tsaya mana a rai. Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa mai kaɗa jita da hagu, faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da bugun na'ura da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa, salonmu sak. Waƙoƙin sun yi yawo a wayoyin Sahel. Amma abin da ya kai shi manyan dandamalin Amurka da Turai shi ne komawarsa ga jita da ganga da mutane huɗu suna zufa.

Asararmu ma ta fi tasu, saboda wani dalili na harshe. Hausa tana da karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata yana sakewa, yana bin wannan hawa da saukar, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Kotso da gurmi da kuntigin Ɗanmaraya, wanda gwangwanin kifi ne da tsirkiya ɗaya, duk bayan maganar suke bi. Harsunan Amazigh ba su da karin sauti irin wannan, don haka mawaƙinsu yana da 'yancin ɗora kalma a kan kowace karya murya. Mu in aka ari karin waƙar Indiya aka cusa mata Hausa, kalmomi sukan juye, sai dai mai sauraro ya gane da ƙarfin hali. Sautin kalangun da ke cikin fiyano kuwa bugu ɗaya ne da aka ɗauka aka adana. Yana ƙara, ba ya cewa komai.

Masu situdiyon da ke ƙoƙarin dawo da kayan gargajiya, kuma akwai su, sukan yi kuskure uku. Na farko, a shimfiɗa bugun kwamfuta tukuna sannan a kira mai kalangu ya bi. Shi kuwa kiɗansa numfashi yake, yana ja yana saki, sai a ga kamar shi ne ke kuskure, a yanka bugunsa a jera a kan layi, ransa ya fita. Shi ya kamata a fara ɗauka, tare da mawaƙi da 'yan amshi a ɗaki ɗaya, sauran kaya su biyo shi. Na biyu, a tilasta wa gurmi ko goge hawa kan ma'aunin fiyano. Matakansu biyar ba su faɗa daidai kan maɓallan ba, kuma na'urar gyaran murya tana jan kowane sauti zuwa maɓalli mafi kusa, ta goge ainihin abin da ya sa goge ya zama goge. Rwais sun warware wannan tuntuni da astara: abin gargajiya ya ba da ma'auni, baƙon ya daidaita kansa. Na uku, makirfo ɗaya a bakin fata. Kalangu yana bukatar na biyu daga baya kaɗan, don a kama amon jikinsa da kukan igiya.

Su ma Abzinawan sun biya farashi, kuma mata ne suka biya. Jita ta maza ce, ta kwashe biki da kuɗi da suna, ta bar tende a ƙauye. Imzad ya kusa ƙarewa, har sai da aka kafa ƙungiyar ceto shi a Tamanrasat a 2003, aka buɗe gidan da tsofaffin gwanaye ke koya wa 'yan mata gogawa da haɗa shi tun daga yankan ƙwarya. Ga kuma dogaro da kasuwar waje: ƙungiyar da ke cika zaure a Jamus tana iya rasa inda za ta yi wasa a Kidal, alhali mawaƙin Hausa na fiyano, duk abin da za a ce da shi, jama'arsa ce ke ciyar da shi daga Kano har Kumasi da Kartum. Wannan ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Martanin da ya fi burge ni daga wata ruga ya fito kusa da Abalak a Nijar: 'yan matan Illighadad, ƙarƙashin Fatu Saidi Ghali, waɗanda suka ɗauki jitar da aka ce ta maza ce, suka zaunar da ita kusa da tende da ƙwaryar ruwa, suka mayar da waƙoƙin iyayensu mata kanta. A wasansu ƙwaryar ba ado ba ce, ita ke riƙe da bugun, jitar ce ke bi.